Buhu a Kan Kyamarar Sodangi

SHAFI NA 19

Masu yi min tsiya a kwamen don na bar muku Zaharaddeen a ɗaure, na ji kuma na yafe. Ke da kika ce za ki fita daga grup in wani abu ya same shi, 'yar uwa gyara zamanki, ni kaina zuciyata a hannu nake wannan rubutun.

*

An daɗe da sallame azahar lokacin da Rakiya ta shiga gidan Alhaji Sodangi ta ƙofar baya, wadda mata ke bi in za su ɗebo ruwa. Ko farar rigar asibiti ba ta tsaya cirewa ba, hijabi kawai ta zura a kai tun daga Dingyadi. Ta ƙi bi ta zaure don ta san abin da ke can. Ƙaninta Zaharaddeen ne zaune a ƙasa, hannuwa ɗaure ta baya, 'yan sa-kai zagaye da shi.

Shugabansu Ɗanbaba ya riga ya faɗa a gaban kowa, da an yi la'asar za su ɗauke shi zuwa daji a yi masa tambaya. Duk Tungar Rini an san irin tambayar. Ba a taɓa kai mutum ya dawo ya ba da labarin amsar da ya bayar ba.

Laifinsa ɗaya, shi ya haɗa wa Alhaji kyamara mai sola a kan dogon ƙarfe a ƙofar gida. Shekaranjiya da hantsi ɓarayin daji suka zo a kan mashina uku, suka ɗauke Abubakar Siddiƙ, babban ɗan Alhaji, a daidai gindin ƙarfen. Aka ruga aka buɗe waya don a ga fuskokinsu, sai duhu. Duhu tun ƙarfe tara har kusan sha ɗaya. Nan take gari ya yanke hukunci, wanda ya haɗa shi ya kashe, kuma da saninsa aka zo. Infoma. Kalmar da in ta manne wa mutum a wannan ƙasa, ko mahaifinsa sai ya ja baya.

Rakiya ta kira duk jami'in tsaron da ta sani a Shagari. An ce ana tafe. Tun hantsi ake tafe.

Ta gaida matan da ke zaune a rumfa sun zo jaje. Wasu suka amsa a ciki, wasu suka kau da kai kamar ba su ne take yi wa awon ciki ba in ta zo gida hutu. Ba ta tsaya ba, ta wuce ɗakin Hajjo, matar Alhaji.

Hajjo na kan sallaya da tasbaha a hannu. Kwana biyu ke nan da ɗauke ɗanta, amma ko hawaye ɗaya ba a gani a idonta ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba balle ta yi kukansa a gaban mutane. A kan gado Fiddausi ce kwance, matar Siddiƙ, ta juya fuska bango.

"Salamu alaikum. Inna, ya munka ji da wanga al'amari?"

"Sai haƙuri, Rakiya. Kin zaka?"

"Na zaka, Inna. Magana nika so mu yi, ni da ke."

Hajjo ta dube ta, ta dubi hannunta da ke cikin hijabi riƙe da wani abu. Ta juya wajen gado.

"Ke, tashi ki kai ma baƙi ruwa."

Fiddausi ta tashi jiki ba ƙwari ta fita. Rakiya ta saki labule, ta durƙusa har gwiwarta na taɓa bakin sallaya, ta fito da waya mai tsagaggen gilashi.

"Wagga wayar aikin Zaharaddini ta. Ya bar ta ga caji ɗakin innarmu sa'ad da sunka zo kama shi."

"Ni mi nis sani ga waya?"

"Ba sai kin sani ba. Saurara kawai."

Ta danna. Fuskar wayar ta yi duhu, irin duhun da maza suka gani suka yanke hukunci a kansa. Sai dai su ido suka sa, babu wanda ya ƙara murya. Rakiya ta ƙara har ƙarshe.

Ƙarar daka daga nesa. Kukan akuya. Sai muryar mace, kusa sosai, a hankali:

"Shiga ki yi wankanki, ɗiyata, ba kowa."

Tasbahar ta tsaya a hannun Hajjo.

"Kyamarar da anka kashe ba ta jin magana, Inna," Rakiya ta ce. "Wagga ba kashe ta anka yi ba. Ruhe ta anka yi."



Rakiya ta ja hoton baya kaɗan. Ga tsakar gida tar da rana. Ga mace ta taho da doguwar gora, an rataya buhun albasa a bakinta. Ta ɗaga kai tana saiti, fuskarta ta cika wayar baki ɗaya. Buhun ya sauko, duhu ya rufe.

"Na koma baya, rana bayan rana. Kwana ashirin da ukku, Inna. Kullum in maza sun tahi garkar albasa ki ruhe, kahin su dawo ki cire."

"Kashe abin ga."

"Inna..."

"Nic ce ki kashe shi."

Rakiya ta kife wayar a kan cinyarta. Hawayen da ta riƙe tun Dingyadi suka ɓalle.

"La'asar sunka ce. Ke kin san abin da za su yi mai. Yaron ga kin ga haihuwatai, ke kinka yi ma innarmu zaman biƙi. Ubanmu ya rasu, shi kaɗai na namiji gare mu. Don girman Allah ki hita ki ce ke ta. Magana guda, Inna."

Hajjo ta mayar da idonta bango. Da ta buɗe baki, ba Rakiya take kallo ba.

"Shekara talatin da huɗu ina cikin gidan ga, ko maƙwabcinmu bai san tsawona ba. Rana guda anka kawo min ido anka kahe bisa ƙarhe. Alhaji yac ce hanya taka kallo, ba ruwanta da cikin gida. Na yarda. Wata sahiya ina shanyar gero sai nij ji ƙara bisa kaina. In ɗaga kai haka, ga ta tana juyo wuya kamar mujiya. Ta bar hanya, ta juyo cikin gida."

"Juyawa takai, Inna. Dut wanda ke da ita ga waya yana iya juya ta da yatsa."

"Ni na sani? Yarinyar nan ta ɗauki bokiti ta nuhi makewayi, sai tab bi ta. Kin san makewayinmu ba ruhi."

Rakiya ta sunkuyar da kai. Ta sani, ta ma fi Hajjo sani. A ɗakin innarsu, kafin ta taho nan, ta ja hoton baya da yawa, ta ga abin da ya sa ta runtse ido ta kife wayar a ƙirjinta tana istigfari.

"Nic ce ko iska na," Hajjo ta ci gaba. "Wanshekare haka, wanshekare haka. Sai mai kitsona taz zo daga Mandera. Tana cikin kitso tac ce, Hajjo, akwai maganar da nij ji, in na hwaɗi na ji kunya, in na yi shiru na ci amana. Wai samari na gardama wurin mai shayi. Sun san yarinyar nan na da tawadar Allah bayan kahwaɗa."



"Ni da nika kwana gida guda da ita ban san da ita ba, Rakiya. Masu shan shayi sun sani."

"Mi ya hana ki gaya ma Baba Alhaji?"

Hajjo ta juyo, karo na farko ta dube ta ido cikin ido.

"In ce mai mi? In buɗe wanga baki nawa in ce mai ana kallon tsiraicin matar ɗanai? Ke da kinka yi boko, koya min yadda aka hwaɗin ta. Na dai ce mai a sauke abin ga, ba ni son shi. Yac ce macce mi tas sani ga tsaro, rai anka zo tsarewa ko kunya? Sai nid ɗauki buhu."

Rakiya ta share fuska da gefen hijabi, ta sake juyo wayar.

"Diba nan, Inna. Wagga lamba da kika gani, yawan wayoyin da kyamarar gidan ga ke ciki na. Arba'in da bakwai."

"Arba'in da..."

"Zaharaddini ukku yas sa ma. Ta Baba Alhaji, ta yaya Siddiƙu, sai tashi ta aiki. Sauran dut Baba na. Kowa yaz zo yac ce kai, Alhaji, wanga abu ya yi kyau, sai shi ba shi lambar sirri kamar goron suna. Masallaci, garka, tashar lodin albasa. Mai kabu-kabun da yak kawo ni yau, ban san shi ba bai san ni ba, da nic ce Tungar Rini sai yac ce a'a, garin mai kyamara, ni ma ina da ita. Har da dariya. Sau ukku Zaharaddini na roƙon Baba a canza lamba, yac ce shi ba ya kyauta shi amshe, mutane su ce bai yarda da su ba."

Jama'a, ni dai a nan na rasa ta cewa. Mutum ya gina katanga ta fi tsawon raƙumi don kada a ga iyalinsa, sannan ya bi gari yana raba tagar da ake leƙensu, wai shi mai kyauta.

Hajjo ta ɗora hannu biyu a ka, ta sauke.

"Ba ni iyawa."

"Inna."

"Ba ni iyawa, ɗiyata. Ni nir ruhe idon da za a ga waɗanda sunka ɗauke shi. Kwana biyu ban runtsa ba. Ina jin mashinansu, ina jin ihu, ni kau abin da nif hwara yi shi na in ruga in cire buhu kada a gani. Uwa ta, ni. Da wane ido za ni dibi ubanai? Kuma in sunka ce don mi kinka ruhe, in ce mi? In tona yarinyar mutane gaban maza, mijinta na daji?"

"Ni kau ƙanena a kashe shi?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, ke ma kina nan, Inna, kuma kin san gaskiya."

Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Hajjo ba sai yau. Ta miƙe tsaye.

"To ni za ni hita. In miƙa ma Ɗanbaba wagga waya shi kalla da idonai."

"In ta shiga hannunai, wurin buhu kaɗai za shi tsaya?"

Rakiya ta dubi wayar. Ta san ba za su tsaya ba. Za su ja baya kamar yadda ta ja, a tsakiyar maza, kai goma a kan waya ɗaya. Ta san kuma dalilin da ya sa Zaharaddeen ya sha duka tun safe bai ce a ɗauko wayar ba. Amma ƙaninta ne, kuma rana ta riga ta karkata.

"Allah shi yahe min," ta ce. "Ba ni zama in ga gawatai."

Ta ɗaga labule, sai ta tsaya cak.

Fiddausi ce a bakin ƙofa, riƙe da kwanon ruwa da hannu biyu. Ba ta kai wa kowa ruwan ba. Daga ganin fuskarta ka san ba yanzu ta tsaya ba.

"Anti Rakiya."

"Hiddausi, ki..."

"Mutum nawa kinka ce?"

Rakiya ta ja da baya.

"Mutum nawa sunka gan ni?"

"Ba dut ba, Hiddausi. Wallahi ba dut ka juya ta ba."

Fiddausi ta sunkuya a hankali ta ajiye kwanon a ƙasa, ko ɗigo bai zube ba. Ta shigo ɗakin ta durƙusa gaban surukarta. Shekara biyu da aurenta ba ta taɓa haɗa ido da Hajjo ba, yau ma ƙasa take kallo.

"Inna, ashe shi ya sa kullum kika ce min in jira sai kin ce in shiga."

Hajjo ta rufe baki da gefen zane.

"Na gode, Allah shi ruhe miki asiri duniya da lahira. Amma ki tahi ki hwaɗi. Wanda yag gani ya riga ya gani, ba a kwace mai. Kunya na iya ɗauka, Inna. Ran mutum ba ni iya ɗauka."

A nan ne Hajjo ta yi kuka. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta ne kawai ke girgiza, ta kama kan yarinyar ta haɗa da ƙirjinta. Rakiya na tsaye a ƙofa, tausayi na cin ta, tsoro ya fi tausayin yawa.

Lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya gyara murya.

"Inna, kira akai."

Hajjo ta saki Fiddausi. Ta jawo babban hijabinta daga kan ƙofa ta sa. Ta nemi takalmi ta rasa ƙafa ɗaya, ta fita haka nan ba takalmi. Matan rumfa suka bi ta da kallo da suka ga ta nufi zaure, wata ta ce, "Hajjo, lahiya? Maza na nan hwa." Ba ta waiwaya ba.

A cikin zaure suka tsaya har aka sallame. Igiyar da aka ɗaure Zaharaddeen da ita ta bar shaida a jikin ginshiƙi, shi kuwa an riga an fitar da shi waje. Rakiya ta leƙa ta gan shi a gindin ƙarfen kyamara, leɓensa ya kumbura, ido ɗaya a rufe. Mashina biyu na jiransa. Maza na fitowa daga masallaci suna taruwa, har da na ƙauyukan gefe da suka zo kallo. Alhaji Sodangi na zaune a kan kujerarsa ta roba, wayarsa a hannu, ita yake ta juyawa tun shekaranjiya yana jiran kiran da bai zo ba.

Ɗanbaba ya gyara bindigarsa a kafaɗa, ya tura jar hularsa baya.

"To, Alhaji, mun cika alkawali, mun bari ya yi salla. Ku tashe shi."

"Ku dakata."

Muryar ba ta fita ba, babu wanda ya juyo. Rakiya ta kama hannun Hajjo, ta ji shi sanyi ƙalau. Hajjo ta zare hannunta, ta taka dokin ƙofa, ta fito fili da rana tsaka.

"Na ce ku dakata."

Dattawa suka kau da kai da sauri. Alhaji ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Ke, mi kika yi nan? Koma ciki."

"Alhaji, ka yi min aikin gahwara. Yaron ga bai kashe komi ba. Ni nir ruhe ta."

"Kin mi?"

"Ni nir ruhe ta da buhun albasa. Ba ranar kaɗai ba, kullum. Ga gora can bayan rumbu, ga buhun ƙarƙashin gadona, a aika a ɗauko."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce da ba ta rufe ba da yanzu an san su waye. Wani ya ce shi ya sa ba a sa mata cikin sha'anin tsaro. Ɗanbaba ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Inna, ki yi min haƙuri, tilas in tambaya. Don mi?"

Hajjo ta ɗago kai. Ba mijinta ta kalla ba, samarin da ke tsaye a bayan mashina ta kalla, ɗaya bayan ɗaya.

"Ana juyo ta cikin gida in maza sun hita. Bisa iyalin Alhaji. Ba ni ƙara komi bisa hakan ga. Dut wanda ke da ita cikin wayatai ya san abin da nika nuhi, kuma Allah ya san shi."

Ka ga ikon Allah, waɗanda ɗazu suka fi kowa ɗaga murya a kashe infoma, yanzu kowa ƙasa yake kallo. Wani ya dafe aljihu. Wani ya sulale ta bayan masallaci kamar an aike shi.

Wani tsoho mai sanda ya girgiza kai. "Tun ran da anka kahe ta nic ce, gidan mutum ba kasuwa na ba."

"Baba, da ba ta nan ma ai ɗauke mu akai," wani ya amsa masa. "Mu yi yaya? Mu zauna ba ido?"

"Ido gare ku yanzu, ga shi kun gani."

Rakiya ba ta bari gardamar ta yi nisa ba. Ta ratsa maza ta durƙusa gaban Ɗanbaba.

"Kwamanda, ka jiya da kunnenka. Ba a kashe ta ba. Don Allah ka kwance shi."

"Kina da shaida bayan maganar Inna?"

"Murya na nan cikin duhun, in ka ƙara sauti ga wayar Baba Alhaji za ka ji. Ko ga taka, in kana da ita."

Ɗanbaba ya yi ɗan tari. Yana da ita, kowa ya ga yana da ita. Ya dubi Hajjo da ke tsaye ƙafa ba takalmi a ƙasa mai zafi, ya dubi Zaharaddeen. Ya sauke numfashi, ya tsuguna a bayansa ya fara kwance ƙullin.

Zaharaddeen ya ɗago kai da ƙyar. "Yaya, innarmu ta ci abinci?"

Dariya da kuka suka haɗe wa Rakiya. Ta fara cewa alhamdulillahi ke nan wayar Alhaji ta yi ƙara.

Baƙuwar lamba.

Alhaji ya zuba mata ido, bai danna ba. Rakiya ce mafi kusa, ta miƙe ta danna masa, ta sa a lasifika. Kowa ya matso.

"Sarkin albasa." Muryar namiji ce, a kwance, kamar mai gaida aboki. "Taron mi kaka yi ƙohwar gida?"

Rakiya na tsaye kafaɗa da kafaɗa da Alhaji.  Ta ga leɓensa ya motsa, kuma ta ji abin da ya fito, ita kaɗai ta ji.

"Mutumin tasha..."

"Ka ce ma mai jar hula shi aje bindiga, ta yi mai nauyi," muryar ta ci gaba.

Sai ga ƙara siririya a saman kawunansu. Kowa ya ɗaga kai. Kyamarar ta juyo a hankali, ta bi ta kan mashina, ta bi ta kan Ɗanbaba, ta tsaya a ƙofar zaure.

"A'a, yau har Hajiya ta hito. Sannu, Hajiya. Yau ba buhu?"

Hajjo ta ja hijabi ta rufe fuska. Wata mata a cikin zaure ta saki salati.

"Ina ɗana?" Alhaji ya ce. "Don Allah ina ɗana?"

"Yana nan da rainai. In kana so shi zauna haka, kada wanda yat taɓa kyamarag ga. Kada a ruhe, kada a canza lamba. Mu ma muna son mu ga mai shiga da mai hita. Sauran magana sai na kira."

Ƙit, aka kashe.

Babu wanda ya motsa. Mutane kusan ɗari a tsaye, kowa ji yake kamar shi ake kallo. Wani ɗan sa-kai ya ɗaga bindiga zai saita ƙarfen, Ɗanbaba ya doke bakin bindigar ƙasa.

Ya miƙe tsaye. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ashe cikin wayarsu muke. Dut sintirin da muka yi, suna zaune suna ƙidaya mu." Ya juya yana bin fuskoki. "Wa ya ba su lamba?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Tambaya nikai. Lamba ba ta tashi da hiffike ta tahi daji. Wa ya ba su?"

Rakiya ta zube a gaban Alhaji Sodangi, ta kama bakin rigarsa da hannu biyu.

"Baba, ka san muryag ga. Na ji ka. Ka ce mutumin tasha."

"Sake min riga."

"Ba da gangan kay yi ba, kowa ya sani, kyauta kay yi kamar yadda kab ba kowa. Ba wanda za shi ce ka sai da ɗanka. Ka hwaɗi kawai, Baba. Ka ce ga tashar lodi kab ba shi."

"Alhaji," Hajjo ta ce daga cikin hijabi, "ni na hwaɗi tawa."

Alhaji ya dubi matarsa. Ya dubi jama'ar da shekara talatin suke cire takalmi in za su gaishe shi. Ya dubi 'yan sa-kai da bindigoginsu, ya ɗaga kai ya dubi kyamarar da ke kallonsa. Gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan hannun Rakiya. Ta ga bakinsa ya buɗe, ta ga gaskiyar ta taho har bakin leɓe.

"Alhaji," Ɗanbaba ya ce a hankali, "ka san mai maganar?"

Alhaji ya fizge rigarsa daga hannunta.

"Ni ban san kan waya ba, ko suna ban iya rubutawa ciki. Ku tambayi wanda yah haɗa ta."

"Baba!"

Ɗanbaba bai ƙara kallon kowa ba. Ya sunkuya a bayan Zaharaddeen, ya mayar da ƙullin da ya fara kwancewa, ya ja shi da ƙarfi.

"Ku tada mashin."